Hannun da Aka Jingina da Bango

Shekarar da madatsar ruwa ta ɓalle, ruwa ya shiga Kasuwar Litinin har namun gidan zu suka fito suna yawo cikin unguwanni, a shekarar nan ne yayana Modu ya kwanta. Da ajami na fara rubuta wannan labari, don shi hannuna ya sani, daga baya aka mayar mini da shi boko domin ya kai ga masu jinyar tsofaffi. Ina gode wa Allah a kan kowane hali. Amma godiya ga Allah ba ta hana a gaya wa bawa ya yi wauta, kuma wautar da aka yi a gidanmu, har yau in na tuna ta sai na ajiye alƙalami na nemi tsari daga fushi.

Ya Modu ya haura tamanin. Uba ɗaya muke, a gaban malami ɗaya muka fara karatu. Ni na zauna a kan allo. Shi kuwa yana saurayi ya ji wani tsohon makaɗin soja yana danna fiyano a kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, shi ke nan aka rasa shi. Ya yi Ikko, ya yi Fort Lami tun ba a sake mata suna ba, ya yi Hartum, yana kaɗa abin da suke kira jaz a manyan otal. Da ya dawo gida, sana'arsa ta zama tsara kiɗa. A kawo masa waƙar ganga da algaita irin ta bikinmu, ya zauna ya warware ta, ya ce mai ƙaho ga naka, mai ganga ga naka, kai jira sai na ɗaga kai. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ni ban isa in raba su ba. Abin da na sani, ban taɓa riga shi shiga sahun asuba ba.

Ya sha gaya mini, yana zaune gaban tsohuwar fiyanonsa ta katako, “Kyari, a hannun makaɗi dama mai surutu ce kawai. Hagu ce mai gida. Ita ke riƙe da ƙasa, dama ta yi ta tsalle-tsallenta.”

Da ruwa ya kore mu, mun yi kwanaki a wata makarantar firamare tare da jama'a. Ƙwayoyinsa na hawan jini sun tafi da ruwa, shi kuma bai faɗa wa kowa ba, wai kowa na fama da nasa. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, ya kife. Da na ɗago shi, bakinsa ya karkace.

Makon farko a asibiti muka yi shi, in har za a kira barandar da muka shimfiɗa tabarma asibiti. Ruwa ya shiga rabin ɗakunan. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin biyan kuɗi daban, kuma kowane layi sai ka kai gaba a ce mai wurin ya fita. Na'urar ɗaukar hoton kai ta sha ruwa, sai da muka kai shi wani wuri na kuɗi, inda hoto ɗaya ya ci kuɗin rago. Babban ɗansa, Alhaji Bukar, dillalin shanu, shi ya biya, ko fuska bai ɓata ba. Wannan shaida ce, zan ba da ita ko a gaban Allah. Sai dai a gidajenmu wanda ya biya kuɗi shi ke da magana, kuma wannan ita ce cuta ta biyu da ta kama yayana.

Likitan yaro ne, idanunsa jajur don rashin barci, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce sunan abin “strok”, shanyewar ɓarin jiki. Ya ƙara wata magana da ta zauna mini: “Baba zai riƙa mantawa da ɓangarensa na hagu, kamar ba nasa ba ne.” Na ɗauka zancen likitoci ne, sai da na gani da idona. Aka ajiye masa kwanon shinkafa, ya cinye rabin da ke dama tas, ya ce abinci ya ƙare. Na juya kwanon, ya ce, “A'a, wa ya ƙaro?”

Kafin a sallame mu, aka tura mu wurin mai gashin ƙashi, wata Malama Saratu, mutuniyar Biu. Ta ɗauki hannun tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi sana'arsa. Da aka gaya mata, sai ta yi murna kamar ta tsinci kuɗi.

“To ai kun huta, Baba! Hannu mantuwa yake yi, sai a tuna masa da abin da ya saba. Ku zaunar da shi gaban fiyanonsa kullum. Ku sa gadonsa yadda kowa zai zo masa ta hagu. Ruwa ta hagu, rediyo ta hagu, gaisuwa ta hagu. Watannin farkon nan su ne kasuwa. In ta watse, sai tsintuwa.”

Bukar yana tsaye ya ji da kunnensa. Ya ce to.

Mako na biyu aka kai shi sabon gidan Bukar da ke kan tudu a bayan gari, don namu gidajen duk laka ne. An ba shi ɗaki mai kyau, da fanka, da katifa sabuwa. Ina shiga na ga gadon manne da bango, hagunsa tana jikin bangon.

Na ce, “Bukar, a juya gadon nan.”

“Baa Gana,” haka yake kirana, ƙaramin uba, kamar yadda yake kiran mahaifinsa Baa, “mutane za su yi ta zuwa dubiya. Limamin unguwa zai zo, abokan kasuwa za su zo. In tsayar da su ta hagun Baa? Matata ta miƙa wa surukinta abinci ta hagu? A ce tarbiyyar wa?”

“Ba a ce ta miƙa da hagunta ba. Ta tsaya ta wancan gefen kawai.”

“Duk ɗaya ne a idon mutane.”

Masu dubiya kuwa suka yi ta zuwa, kuma kowa da maganarsa guda, kamar an raba musu ita a ƙofa. “Wushe, sannu da jiki, Baa. Kai, alhamdu lillahi, ashe hagu ce. Dama tana nan.” A ce zai ci abinci da kansa, zai yi musabaha, zai ja carbi. Wani ma ya ce an yi arha. Ya Modu yana kwance yana jin ana taya shi murnar abin da ya fi ƙarfin rabin rayuwarsa, harshensa ya yi nauyi, sai dai ya rufe ido.

Na ja Bukar gefe. Na ce, “Ka yi allo kana yaro. Da wane hannu ka riƙe allon?”

“Da hagu.”

“In ta saki, damar taka a kan iska za ta yi rubutun?”

Ya yi dariya. “Baa Gana, allo daban, fiyano daban. Ni fa ina ganin wata ƙofa ce Allah ya rufe masa don ya huta, ya fuskanci lahira.”

Na ce, “Yaushe aka fara aiko maka da dalilan Allah? Hannu amana ne. In ya warke, shi da Ubangijinsa su san abin da zai yi da shi.”

Na san inda ke wa Bukar ciwo. Tun yana yaro ake ce masa ɗan makaɗi, kuma lokacin neman aurensa sai da aka yi ta kewaye-kewaye a kan sana'ar ubansa. Na sani, na kuma tausaya. Amma ciwon yarinta ba a rama shi a jikin tsoho.

Daga mako na uku aka daina kai shi wurin Malama Saratu. Bukar ya ce mai ya yi tsada, kuma ba zai sa direba ya kashe rabin yini a layi don a matsa yatsu ba. Ya ɗauko wani mai tausa yana zuwa gida, ƙafa kawai yake yi, don a samu Baa ya taka zuwa masallaci. Ƙafar kuwa ta amsa, ba zan ɓoye ba. Shawarwari suka yi ta shigowa, wannan ya ce kitsen jimina, wancan ya ce man damo, wata ta ce hayaƙi. Ni ma ina yi masa rubutu yana sha tare da ƙwayoyinsa, ban ga inda suka yi faɗa ba. In na zo, nakan hau gadon in matse tsakaninsa da bango in buɗe masa yatsun. Amma kuɗin keke ya ninka, gidana yana buƙatar yasa, ba kullum nake samun zuwa ba.

Wata rana na zo na tarar an naɗe hannun. Ƙanwarmu Fanna ce ta kawo wani maɗori daga Zabarmari. Mutumin gwanin karaya ne, na san waɗanda ya ɗora suka miƙe. Amma nan ba ƙashi ne ya karye ba. Ya shafe hannun da magani, ya lanƙwasa shi a ƙirji, ya ɗaure da ƙyalle, ya ce kada a kwance sai jijiya ta huta. Hannun da aka ce a tashe shi daga barci, shi aka yi wa shimfiɗa aka lulluɓe.

Na kwance. Da na dawo an mayar. Na sake kwancewa, Fanna ta yi kuka ta ce na raina ƙoƙarinta, ni da ba ni biyan ko sisi. Bukar ya ce, cikin ladabi kuwa, in bar gidansa ya tafi da tsari ɗaya. Haka hannun ya yi makonni a ɗaure.

A cikin makonnin nan ne na bi ta gidan Ya Modu don in ga yadda yasar laka ke tafiya. Tun daga bakin lungu na ji ƙarar guduma. 'Yan ajakuta ne, masu sayen tsohon ƙarfe, sun fito da fiyanon ƙofar gida suna farfasa ta don su ciro ƙarfen cikinta su ɗora a sikeli. Fararen madannanta sun warwatse cikin laka kamar haƙora. Maƙwabta na tsintar katakon don hura wuta. Na tambayi wanda ya ba su, suka ce Alhaji. Da na kira shi, ya ce ruwa ya riga ya kashe ta. Na ce wane mai gyara ya duba ta ya faɗa? Ruwan iya gwiwarta ya tsaya, da idona na ga shatinsa a jikin katakon.

Ban kai wa Ya Modu labarin ba, shi ya nema. Harshensa ya fara sakewa a lokacin. Ya ce, “Kyari, an shanya ta? Ka gaya musu kada su sa ta a rana. A inuwa, a buɗe bayanta iska ta shiga.”

Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ban ga dalilin farawa yana kwance ba. Na gaya masa. Ya nemi ruwa, ya sha, ya kalli rufin ɗaki har aka kira la'asar.

Washegari ina nan Bukar ya shigo da abokan kasuwarsa biyu. Ya durƙusa ya miƙa hannu bibbiyu kamar yadda ya saba. Sai Ya Modu ya juya kansa wajen bango, abin da bai taɓa yi da kansa ba tun da ya kwanta. Ya sa damarsa ya laluba, ya zaro hagun daga cikin ƙyallen, ya riƙo ta a wuyan hannu, ya miƙa wa ɗansa ita tana reto.

“Ga ta.”

“Baa, hagu ce.”

“Na sani. Ai ka ce ba ta da aiki. Na samo mata.”

Baƙin suka sunkuyar da kai. Ya Modu ya gaisa da su da hannun dama, ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Daga ranar, duk sanda Bukar ya zo gaisuwa, hagu yake samu. Da safe hagu, da yamma hagu, a gaban matarsa, a gaban 'ya'yansa. Da abin ya ishe shi, ya ce mini, “Ku tafi da shi, Baa Gana, tunda ni ne azzalumin.” Ban tsaya lallashi ba. Na tari keke.

A gidana gadon tsakiyar ɗaki na sa shi. Na mayar da shi wurin Malama Saratu, wata na uku ya kusa ƙarewa. Ta ɗauki hannun, ta yi ƙoƙarin buɗe yatsun, suka ƙi. Kafaɗar ta ƙage.

“Wa ya ɗaure shi?”

Na ce, “'Yan uwa.”

“Fiyanon fa?”

Na ce, “Tana sikeli.”

Ta ajiye hannun a hankali a kan cinyarsa. “Baba, kasuwa ta watse. Amma mu duƙa mu tsinci abin da ya zube.”

Tsintuwar nan da azaba aka yi ta. In tana miƙar da yatsun, dattijon da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka binne matarsa, sai ya yi ihu har na waje su leƙo. Da an bi maganarta tun farko, da wannan ihun bai zama dole ba. A gida ya yi ta tsintar wake daga kwano zuwa kwano. Na samo wani dogon katako na zana masa madannai da tawadata, yana gaya mini inda baƙaƙen suke, biyu, uku, biyu, uku, yana faɗan na karkace layi kamar ba marubuci ba. Kullum bayan walaha sai ya ɗora hannayensa a kai. Damar ta yi ta gudu a kan katakon da ba ya sauti, hagun tana kwance a gefe. Kafin azumi babban yatsa ya motsa, daga baya manuni ya biyo shi. Sauran ukun sun naɗe, kuma Malama Saratu ta ce kada mu sa rai.

Don haka nake gaya wa duk mai jinyar tsoho: in ruwa ko wuta ta kore ku, ku fara tambayar ƙwayoyinsa kafin tabarma. In ɓarin jiki ya shanye, kada a ɗaure, kada a jira. Kada kunyar masu dubiya ta tsara muku inda gado zai fuskanta, su gaisuwa za su yi su tafi. Kuma kafin ku ce an yi arha, ku tambayi mai hannun.

Bayan ƙaramar Sallah, wata la'asar muna zaune a zaurena, sai ga Bukar ya sauko daga keke, ba motarsa ba, da wani dogon abu cikin buhu. Ya shigo ya tura ƙofar zauren, ya kwance buhun. Fiyano ce ta zamani, ta roba, mai aiki da batir. Ya ajiye ta gaban ubansa ya durƙusa.

“Baa, ga madadin taka. Ka yafe mini.”

Ya Modu ya danna madanni ɗaya da dama, ya saurara, ya taɓe baki. “Muryarta kamar agwagwa mai mura. A buhu ka kawo ta, kamar kayan sata?”

“Don ƙura ne, Baa.”

“Ƙurar idon mutane.” Ya ɗago hagunsa, wannan karon da kanta ta ɗagu, yatsu uku a naɗe. “Katako ba shi nake binka ba, Bukar. Waɗannan ukun nake binka. Akwai su a Kasuwar Litinin?”

Hawaye suka bi gemun Bukar.

“Kyari, buɗe ƙofar nan. Duka biyun.”

Na buɗe. Lokacin mutane na dawowa daga kasuwa, lungun cike.

Ya Modu ya ce, “Shekara sittin aikina ke nan, in raba kiɗa ga hannun da ke akwai. In babu mai ƙaho, in ba mai algaita. Zo zauna nan. Ba nan ba, ta haguna.”

Bukar ya kalli ƙofa. Ya kalle ni, ban taimake shi ba. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna a tabarma ta hagun ubansa. Ya Modu ya kama yatsan ɗansa ya ɗora a kan wani madanni can ƙasa, ya matsar da shi zuwa wani, ya dawo da shi.

“Wannan, sai wannan. Su ke nan naka. In na gyaɗa kai ka canja. Kada ka yi wayo.”

Suka fara. Wata tsohuwar waƙar rakiyar amarya ce da ya tsara tun muna da ƙarfi. Damarsa ta ɗauki waƙar, yatsunsa biyu na hagu suna cike tsakiya, Alhaji Bukar dillalin shanu yana riƙe da ƙasa da yatsa ɗaya, gumi na keto masa. Yara suka taru a ƙofa. Wani mahauci da ya san shi a kasuwa ya tsaya da kekensa, baki buɗe, ya ce, “Alhaji, kai ne?”

Bukar bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Ni ne. Ɗan makaɗi. Matsa, kana tare mana haske.”

Sau uku suna ɓatawa suna komawa farko. A na huɗu suka kai ƙarshe tare. Ya Modu ya bar hannayensa a kan madannan har sautin ya mutu. Sannan ya juyo, ya miƙa wa ɗansa hannun dama.

Bukar ya kama shi da hannu bibbiyu ya kifa goshinsa a kai.

“Ka biya,” in ji Ya Modu. “Tashi, kada ka jiƙa mini ita, ita kaɗai ta rage mai lafiya.”